Wuƙar da aka daina ƙerawa: a gyara ta ko a bar ta da tsufanta?

Mai Kube:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wata magana ce ta hana ni sakat, na ce bari in kawo ta gaban manya. Akwai Benchmade AFCK a hannuna, lamba 800, irin ta farko mai zagayayyen rami a jikin ruwan wuƙa, ƙarfen ATS-34, ƙotar G-10, wata roba mai tauri da zaren gilashi a ciki. Ba sabuwa na same ta ba, wanda ya riƙe ta kafin ni ya more ta ƙwarai. Yanzu makullinta ya ci. Fallen ƙarfen nan na cikin ƙota da ke tsallakowa ya tokare gindin ruwan ya kusa kaiwa ɗaya ɓangaren, kuma in ka riƙe ruwan ka jijjiga za ka ji ɗan motsi sama da ƙasa. Tsinin ma ya ɗan guntule, kamar kan allura. Wani mai gyara ya ce zai sa mata sabon fil mai kauri, ya sake fitar da tsini, ya goge duk ƙarzunan da ke jiki ta koma fes. In ba shi ko in bar ta? An daɗe da daina ƙera ta, kuma in an taɓa, to an taɓa ke nan.

Baba Tsoho:
Wa alaikumus salam ɗana. Gyara makulli, ka bar ƙarzuna. Kada ka yarda kowa ya kai ruwan nan bakin injin goge ƙarfe. Makullin da ba ya riƙewa haɗari ne ga yatsunka, wannan dole a duba shi. Amma gogewa, ita ce ke kashe wuƙa. Rubutun da ke jikin ruwan zai dusashe, layukan da injin kamfani ya fitar za su kwanta, ta zama ba tsohuwa ba kuma ba sabuwa ba.

Ɗan Zamani:
Baba, da girmanka, amma ni na kasa gane wannan wahalar. ATS-34 fa ake magana. Ƙarfen da yau ko kamfani mai matsakaicin suna ba zai sa a babbar wuƙarsa ba. Ga MagnaCut da Larrin Thomas ya fito da shi a 2021, ba ya tsatsa da wuri, ba ya ɓantarewa da sauƙi, yana riƙe kaifi. Kamfani ba ya daina ƙera abu sai don ɗayan biyu: ko kasuwarsa ta mutu, ko an samu wanda ya fi shi. To me ya sa kalmar "an daina ƙerawa" take sa mutane rawar jiki? Yaya Mai Kube, ka jefa ta a durowa ka sayi sabuwa, ka huta.

Mai Kube:
Ƙanena, sababbi ina da su. Ba rashin abin yanka ne ya kawo ni ba.

Baba Tsoho:
Ɗan Zamani, rabin maganarka gaskiya ce, kuma rabin nan ya kamata a riƙa faɗa a zauren nan. Daina ƙerawa shi kaɗai ba daraja ba ne. Kowace shekara kamfanoni suna zubar da samfura barkatai, akasarinsu ba wanda zai sake tambayarsu har abada. Spyderco ma jerin sunaye take fitarwa na waɗanda za ta ajiye, mutane su yi ta rububi, bayan shekara biyu ka ga rabinsu suna yawo a hannun masu sayarwa ba mai ɗagawa.

Abin da ya sa AFCK ta bambanta shi ne inda ta tsaya a tarihi. Bari in ɗan ja ku baya. Kafin shekarun 1980, wuƙar naɗewa mai ƙarfi ita ce irin Buck 110, wadda ta fito a 1964: nauyi, tagulla, kube a ɗamara, hannu biyu kake buɗe ta. A 1980 Michael Walker ya gyara makullin cikin ƙota ya zama abin da ake iya buɗewa da rufewa da hannu guda. A 1981 Sal Glesser ya fito da Worker, wuƙar Spyderco ta farko, da zagayayyen ramin da babban yatsa ke turawa, da maƙalin da ke kama bakin aljihu. Sai Bob Terzuola ya haɗa waɗannan dabaru da taitaniyom da G-10 a wuƙaƙen da yake ƙerawa da hannu, kuma shi ake jingina wa sunan nan na taktikal da muke ta kira. Ernest Emerson ya zo da CQC-6, wadda sojojin ruwan Amurka na musamman suka riƙa nema. Amma na Terzuola da Emerson ƙirar hannu ne, sai mai hali da haƙurin jira.

A tsakiyar shekarun 1990 ne Benchmade ta sauko da wannan ƙira inda mutum gama-gari zai iya saye. Ta ɗauko zanen Emerson ta yi lamba 970, wato CQC-7, ta ɗauko zanen Chris Caracci, wanda tsohon sojan rundunar SEAL ne, ta yi AFCK. Ramin da Mai Kube ke magana a kai, na Spyderco ne, da lasisi aka sa shi. Wato wuƙa guda ce mai tambarin malam buɗe littafi na Benchmade da ramin abokiyar gasarta. Daga baya da suka koma lamba 806 mai makullin AXIS, ramin ya zama mai siffar ƙwai. Wannan haɗuwa ba za ta sake faruwa ba. Ita yake riƙe da ita, ba ATS-34 ba.

Ɗan Zamani:
To ai ka ga, tarihi kuke saye ba wuƙa ba. Ni ba ni da ja a kan haka, amma a daina ce mana "na da sun fi inganci".

Baba Tsoho:
Wa ya ce maka sun fi? Nemo inda na faɗa.

Sarkin Wasa:
Ku ba ni wuri in shiga, don ni ta hannuna waɗannan ƙarafa suke bi. Da farko, raina ATS-34 da ake yi ya yi yawa. Ƙarfen Hitachi ne na Japan, kuma tagwaye suke da 154CM na Crucible: kabon wajen kashi 1 cikin 100, kuromiyom kashi 14, molibdinom kashi 4. Bob Loveless ne ya jawo hankalin maƙera zuwa 154CM tun farkon shekarun 1970, kafin daga baya a karkata zuwa na Japan. Ba ya riƙe kaifi kamar ƙarafan garin ƙarfe na yanzu, wannan ba gardama. Amma yana karɓar dutse da daɗi, minti goma ka dawo da shi yana aske gashin hannu. Ƙarfen S90V kuwa sai ka nemo dutsen daimon ka zauna.

Na biyu, Malam Mai Kube, kafin ka ba kowa, yi wannan. Fallen makullin AFCK taitaniyom ne, gindin ruwan kuma ƙarfe ne mai tauri, don haka duk buɗewa taitaniyom ɗin ne ke ci kaɗan kaɗan. Amma sau da yawa ba shi kaɗai ba ne. Fil ɗin da bayan ruwan ke buga wa in an buɗe yakan lotse a wuri guda, musamman in mai ita na da yana yawan watsa ta da ƙarfin wuyan hannu. In ya lotse, ruwan zai ƙara komawa baya, makulli ya ƙara tsallakawa. Kwance ta a hankali, ka duba fil ɗin. In ka ga inda ya kwanta, juya shi ɓangaren da bai ci ba ya fuskanci ruwan. Wani lokaci wannan kaɗai ya isa. Ba ka sa baƙon abu ba, ba ka cire komai ba.

Tsini kuma, kada a ci ta wajen kaifi. Ta bayan ruwan ake saukowa da dutse kaɗan kaɗan har a haɗu da kaifin. In aka ci ta wajen kaifi, cikin wuƙar zai canza, kuma tsinin zai iya leƙowa daga ƙota in an rufe.

Mai Kube:
Allah ya saka da alheri Sarki. Wannan ban taɓa tunaninsa ba. Zan gwada a ƙarshen mako.

'Yar Maƙeri:
Sannunku da hira. Ni na ga ana ta maganar waɗanda ake buɗewa da hannu, an bar mu masu wuƙaƙen da ke tashi da maɓalli a baya, alhali a wajenmu ne wannan tambaya ta fi zafi. Ku in makulli ya ci, kuna da dabara. Mu in sifirin ya karye a wuƙar da kamfaninta ya rufe, sai dai a nemi wanda zai naɗa sabo da hannu, kuma daga ranar ta tashi daga "yadda ta fito".

Ina da MC-1 guda biyu, mai ƙota ruwan lemo ɗin nan da aka riƙa ba matuƙan jiragen sojan Amurka, ɗaya ta Schrade Walden ɗaya ta Camillus. Babban ruwan ne ke tashi da maɓalli, ƙugiyar yanke igiyar laima kuma da hannu ake buɗe ta. In don kyau ne ko santsin aiki, wallahi ba za ka kalle su sau biyu ba, suna ƙara, suna girgiɗi. Amma Schrade ta rufe a 2004, shekararta ɗari cif, Camillus ta bi ta a 2007 bayan tana aiki tun 1876. Sunayen suna nan a kasuwa, wasu ne suka saye su, amma masana'antun da mutanen da suka yi waɗannan sun tafi. Wannan shi ne ainihin "an daina". Ba irin wanda kamfani zai ɓoye samfuri shekara biyar ya dawo da shi da sabon launi ba.

Gwanki:
Yauwa Hajiya, kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Dainawa iri uku ce, kuma mutane suna cakuɗa su. Akwai wadda kamfani ya mutu, kamar Camillus, ko aka haɗiye shi, kamar yadda Benchmade ta saye Lone Wolf, ko Blackhawk ta saye Masters of Defense. Akwai wadda yarjejeniya ta ƙare tsakanin mai zane da kamfani, kamar 970, da Emerson ya kafa nasa kamfanin a 1996 ya ci gaba da CQC-7 da kansa. Sai ta uku, wadda kamfani yana nan, zanen nasa ne, injinansa suna nan, ya dai ga dama ne ya ajiye. Ta ukun nan ita ce tarko. Ranar da ya ga kasuwar tsofaffin ta yi zafi, zai dawo da ita.

Dubi 710 ta Benchmade. Ita ce ta fara ɗaukar makullin AXIS na Bill McHenry da Jason Williams a ƙarshen shekarun 1990. Aka ajiye ta, mutane suka yi ta kuka, a 2024 sai ga sunan ya dawo da sabon jiki. Wanda ya tara don riba, ranar bai yi barci da daɗi ba.

Baba Tsoho:
Amma ka lura, Gwanki, dawowar ba ta taɓa 710 ta ƙarfen M2 ba. Wanda ke neman waccan, waccan yake nema. Sabuwa ba ta maye masa gurbi.

Gwanki:
Haka ne Baba, amma su nawa ne? Masu neman takamaiman ƙarfe da takamaiman shekara 'yan tsiraru ne. Yawancin masu ɗaga farashi so suke kawai su riƙe siffar a hannu, in an ba su sabuwa sun gama.

Ɗan Zamani:
Ni ma abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu, aka taso mini.

'Yar Maƙeri:
Ba a taso maka ba ƙanena, cewa ka yi a jefa a durowa.

Alƙalin Zaure:
Tunda an shigo maganar masu maɓalli, bari in yi aikina na mai kula da zaure kafin wani ya jefa kansa cikin ruwa. Waɗannan wuƙaƙe ba kamar sauran ba ne a idon doka, kuma tsufansu ba ya wanke su. A Amurka, dokar tarayya ta 1958 ta hana shigo da su ƙasar da kuma cinikinsu daga jiha zuwa jiha. Ta ware sojoji a bakin aiki, ta kuma ware mai hannu ɗaya in ruwan bai wuce inci 3 ba. Mallaka da ɗauka kuwa kowace jiha da nata: Kalifoniya ta yarda da wadda ruwanta bai kai inci 2 ba ne kawai a aljihu, Oregon kuma tun 1984 kotun ƙolinta ta ce hana mallakarsu ya saɓa wa tsarin mulkin jihar. A 2009 aka gyara dokar tarayya don a fitar da waɗanda sai ka fara tura ruwan da yatsa sannan sifirin ya ƙarasa, irin SpeedSafe da Ken Onion ya yi wa Kershaw. Birtaniya ta hana sayarwa da shigowa da su tun 1959, sannan dokar 2019 ta kai hanin har ga ajiyewa a cikin gida. Kanada ma haramtattu ne.

Don haka a zauren nan ba a tallar su, ba a kuma koya wa kowa yadda zai ɓoye kaya daga jami'an kwastan. Kowa ya san dokar inda yake zaune kafin ya tura kuɗi. Magana kan tarihi da gyara da ajiya, bismillah.

'Yar Maƙeri:
Mun ji, ranka ya daɗe. Kuma dokar 1958 ɗin nan ita ce ta yi wa masu tarawa iyaka ba tare da ta sani ba. Siraran wuƙaƙen Italiya da aka yi ta shigarwa Amurka bayan yaƙin duniya na biyu, akasari daga garin Maniago, su ne suka tayar da hankalin 'yan majalisa. Na wancan zamani, sai ka ɗaga wani ɗan harshen ƙarfe a bayan ƙota da yatsa kafin ta rufu. Daga baya aka koma wa irin da ake murɗa kan ƙotar. Masu tarawa na farkon suke bi, saboda ƙofa ta rufe a kansu a shekara sananniya.

Ɗan Autan Zaure:
Don Allah ku yi haƙuri da sabon shiga. Na sayi wata Microtech Ultratech a hannun wani a intanet, ya ce tsohuwar ƙira ce ta zamanin Vero Beach. Da ta iso na ji ruwan yana ɗan motsi in ta fita. Jabu ce?

Gwanki:
Motsin ba shi ne shaida ba. Duk wuƙar da ke fita ta gaba ta koma da maɓalli guda tana da ɗan wasa, don in babu sarari ruwan ba zai zame a kan hanyarsa ba. Sa mana hotuna: rubutun jikin ruwan, maƙalin aljihu, kan notuna, da kwalin.

Ɗan Autan Zaure:
Na sa guda shida a sama.

Gwanki:
Ɗan'uwa, sai haƙuri. Anthony Marfione ya kafa Microtech a Vero Beach ta jihar Fulorida a 1994, suka tashi zuwa Bradford ta Pensilbeniya a 2005, daga baya suka koma Karolina ta Arewa. Kamfanin yana buga wata da shekara a jikin wuƙaƙensa. Taka shekarar da ke jiki ta zo bayan sun bar Fulorida da daɗewa, ga kuma sunan ƙarfen da aka rubuta, wanda ba a san shi a wuƙaƙe ba a zamanin da mai sayarwar ke iƙirari. Ko dai ta ainihi ce ta baya-bayan nan ya yi maka ƙaryar shekaru, ko jabu ce gaba ɗaya. Yadda rubutun ya yi kauri ya baje, na fi karkata ga na biyu.

Ɗan Autan Zaure:
Inna lillahi. Kuma har da kwali da takarda ya haɗo mini.

Baba Tsoho:
Kwali ai ya fi wuƙa sauƙin bugawa, ɗana. Kada ka ji kunya, babu wanda ya daɗe a harkar nan bai sha irin wannan ba. Ni tawa ta fi taka ciwo, don ta ainihi ce aka lalata. Shekarun baya na sayi CQC-7 ta Benchmade a hoto. Kun san wasa ta gefe guda ake mata kamar cizal, ɗaya gefen a shafe. Ashe wani gwani a can baya ya ga kamar kuskure ne, ya wasa ɗaya gefen ma don ya "daidaita". Mai sayarwa bai ɗauki hoton wannan gefen ba, ni kuma zumuɗi bai bar ni na tambaya ba. Tun daga ranar, in ban ga gefe biyu da baya da ciki da inda makulli ya tsaya ba, ba na ko tambayar farashi.

Sarkin Wasa:
Wannan ta Baba ita ce amsar tambayar farko ma. Wanda ya wasa gefen nan gyara yake ganin ya yi.

Uwar Biyu:
Ni tambayata ta ajiya ce, tunda an tara masana. Maigidana ya bar mini tarinsa a hannuna yana tafiye-tafiyen aiki, akwai masu maɓalli a ciki. A buɗe ake ajiye su ko a rufe? Na ji wasu na cewa in an bar su a rufe sifirin zai gaji.

Sarkin Wasa:
Hajiya, wannan gardama ta girmi zauren nan. Abin da masana ƙarfe suka sani shi ne, sifirin da aka ƙera daidai yawan matsawa da saki ne ke gajiyar da shi, ba zama a matse ba. Don haka na zamani masu naɗaɗɗen sifirin, bar su a rufe, ba abin da zai same su. Masu fita ta gaba su koma da maɓalli guda, irin Ultratech, su sifirinsu ma kusan a sake yake ko a buɗe ko a rufe, sai lokacin da ake tura maɓallin yake aiki. HALO ta Microtech ce daban, ita maɓalli fitarwa kawai yake yi, da hannu ake ja a mayar, don haka in tana rufe a ɗane take.

'Yar Maƙeri:
Na yarda da Sarki a kan na zamani. Amma tsofaffin Italiya masu sifirin falle, ni a buɗe nake ajiye su, kuma ba na yawan harba su don nuna wa baƙi. Ba wanda ya san irin wutar da aka ba ƙarfen nan shekara saba'in da suka wuce, kuma in ya karye ba shago za ka je ba. Sannan Hajiya, abin da ya fi sifirin cin wuƙa a ajiya shi ne danshi da maƙwabta. Kada ki bar su cikin kuben fata, fata tana riƙe laima kuma sinadarin jima yana cin ƙarfe. Masu ƙotar ƙaho, akwai ƙwaron da ke huda su, a riƙa dubawa. In kuma akwai mai ƙotar tsohuwar robar nan seluloid, ware ta can ita kaɗai. In ta fara ruɓewa tana fitar da iska mai guba ga ƙarfe, za ki buɗe akwati ki tarar duk na kusa da ita sun yi tsatsa ta sama. Ɗan mai kaɗan a ruwan, a goge zanen yatsa, shi ke nan. Masu fita ta gaba kuma ba sa son mai da yawa, yana tara ƙura ya hana su kaiwa.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai. Akwai guda biyu a cikin fata, yanzu zan fitar.

Ɗan Zamani:
To ga tambaya ta gaskiya, ba tsokana ba. In wuƙa tana kwance a kwali, ba a yanka da ita, ba a harba ta, ba a ko taɓa ta da hannu sai da ƙyalle, wuƙa ce har yanzu? Ni amaren kwalin nan su ne ban gane ba. Chris Reeve da ya sa wa tasa suna Sebenza, kalmar Zulu ce mai nufin aiki. Har makullin kwance noti yake haɗo wa mai saye don ya buɗe ya wanke da kansa. Amma sai ka ga mutum ya sami tsohuwar ƙirar da aka daina a 2008, da katinta mai ranar da aka ƙera ta, ya kulle a akwatin ƙarfe ko takarda ba ta taɓa yankawa ba.

Baba Tsoho:
A nan kam ina bayanka fiye da yadda kake zato. Amma ka bar wa masu kwali nasu, suna da amfani. Ba don wanda ya ajiye tasa ba a taɓa ba, da yaya Gwanki zai san yadda rubutun ainihi yake har ya gane na Ɗan Auta jabu ne? Da yaya Sarki zai san kusurwar da kamfani ya fitar da kaifi? Su ne ma'auni. Abin da ba na so shi ne a ɗauki wadda ta riga ta sha aiki a yi mata kwalliya a ce amarya ce. Wadda ba a taɓa ba a bar ta haka. Wadda ta yi aiki, kamar ta Mai Kube, ta ci gaba da aiki, a gyara abin da zai cutar da mai riƙe ta kawai. Kuma in za a sayar a faɗi duk abin da aka yi mata.

Gwanki:
Ni dai ina ƙara jan kunne kan masu shiga don riba. Slysz Bowie ta Spyderco, zanen Marcin Slysz na ƙasar Folan da aka ƙera a Taiwan, ta yi tsada bayan an daina ta, kowa ya ji labari. Ba wanda ke ba da labarin sauran da aka daina tare da ita suka zauna. Ko a 2024 da kamfanin Crucible, wanda ke yin 154CM da S30V a lokacin, ya shiga fatarar kuɗi, sai ga mutane suna ta cewa duk wuƙar da ke da ƙarfensa za ta zama zinariya. Miliyoyi ne fa a duniya.

Ɗan Zamani:
Yau dai ni da Gwanki jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Mai Kube:
Jama'a na dawo da rahoto. Na kwance ta jiya da dare a kan farin ƙyalle, na ɗauki hoton kowane mataki don kada in manta inda washa take. Sarki, kamar kana gani: fil ɗin ya kwanta a gefe guda, har yana ƙyalli. Na juya shi, na wanke dattin shekaru da ya daskare a gindin ruwan, na ɗaure. Makullin ya dawo wajen kashi biyu cikin uku, bai koma kamar sabo ba, amma motsin sama da ƙasa ya tafi. Na danna bayan ruwan da tafin hannu da ƙarfi, bai saki ba. A ciki kuma na tarar da wani abu da ban zata ba: mai ita na farko ya ƙarza haruffa biyu da wata shekara a cikin fallen, inda ba mai gani sai wanda ya kwance. Da na ba mai gogewa, ban san ko zai bar su ba.

Tsinin ban taɓa ba tukuna, hannuna bai kai na Sarki ba. Na fasa ba mai gyaran.

Sarkin Wasa:
Madalla. Tsinin ka fara koyo a kan wata mai arha sau biyu ko uku. Dutse mai laushi, ta baya, ka riƙa rufe ta kana shafa yatsa a bakin ƙota ka ji ko ya leƙo.

Ɗan Zamani:
Yaya Mai Kube, ba wai na canza ra'ayi ba ne. Amma in wata rana ka gaji da ita, ka fara yi mini magana kafin ka sa a kasuwa.

'Yar Maƙeri:
Durowar taka ce ta yi fili?

Mai Kube:
Layi ne ƙanena, Baba ya riga ka tun daren jiya ta saƙon sirri. Shi ma na ce masa a'a.